Babi na Shida: Jan Ruwan Muddy Creek

A gundumar Preston ta jihar Virginia ta Yamma, a gabashin Amurka, akwai wani ɗan gari a bakin kogin Cheat mai suna Albright. Mazaunansa ba su wuce ɗari uku ba. Amma duk shekara, da zarar hunturu ya ja jiki dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu, sai garin ya cika da baƙi masu kwale-kwalen roba. Daga nan suke shiga wani kwazazzabo mai zurfi inda kogin ke tafasa tsakanin manyan duwatsu, su biya kuɗi a kai su, su fito a jiƙe suna murna. Masu jagorancin kwale-kwale, masu gidajen kwana, masu sayar da abinci da mai, duk da wannan ruwa suke ci.

Ƙasa kaɗan da Albright wani rafi ke shigowa kogin daga gabas. Sunansa Muddy Creek. Bayan hunturun 1994, ruwan da ya daɗe yana taruwa a cikin wani ramin kwal na kamfanin T&T Fuels, wanda aka toshe bakinsa ba bisa ƙa'ida ba, ya fasa gefen tsauni ya kwararo cikin wannan rafi. Rafin ya kai shi Cheat. Kogin ya rine ya zama ruwan goro tun daga mahaɗar har tafkin Cheat, tafiyar kusan kilomita 26, kifaye kuma suka mutu a duk tsawon hanyar. A 1995 ramin ya sake amai. Kafin a ankara, cinikin masu kwale-kwale ya ragu da fiye da rabi, domin babu mai biyan kuɗi don a tsoma shi cikin ruwan da ke sa ido raɗaɗi.

Masu shiga kogin sun san ba a ranar ciwon ya fara ba. Tun shekarun 1970 suna ganin duwatsun bakin ruwa da jan zane a jikinsu, suna jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ƙoramu irin su Lick Run da Pringle Run da Heather Run da Morgan Run da Greens Run sun daɗe suna zuba guba a Cheat a hankali, har mutane suka saba, yaro ya tashi yana zaton haka Allah ya halicci rafin bayan gidansu. Abin da fashewar 1994 ta yi shi ne tara ɓarnar shekaru a yini guda, ta ajiye ta inda kowa zai gani.

To daga ina asid ke fitowa a cikin dutse?

Kwal ba shi kaɗai yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ba. A cikinsa da cikin duwatsun da suka lulluɓe shi akwai wani ma'adini mai ƙyallin zinare da ake kira fairait, haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne inda iska ba ta kai, zai yi shekaru miliyoyi bai cuci kowa ba. Mai haƙa ne ke buɗe masa ƙofa. Da ya fasa rami, iska ta shiga, ruwan sama ya tsattsafo ta tsagogin rufin, sai fairait ya fara narkewa. Farar wutar da ke cikinsa ta zama asid, irin wanda ake zubawa a batirin mota, ƙarfen kuma ya narke ya bi ruwa.

Da iska da ruwa kaɗai ne da aikin ya yi ta jan ƙafa. Amma akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar rana ko ganye ko nama, abincinsu shi ne wannan narkakken ƙarfe, kuma cikin asid suke jin daɗin zama. Suna juya ƙarfen zuwa wani nau'i mai cin fairait da kansa, fairait ɗin da ya ci ya saki sabon ƙarfe da sabon asid, bakteriyar su sake samun abinci. A 1970 wasu masana biyu, Singer da Stumm, suka nuna cewa waɗannan halittu suna iya ninka saurin wannan mataki har sau miliyan. Shi ya sa ramin da aka daina aiki a cikinsa tun zamanin kakanni yake ci gaba da aikinsa shi kaɗai, ba ma'aikaci ba inji.

Masana suna auna tsamin ruwa da ma'aunin pH. Ruwan da ba tsami ba kanwa yana kan 7. Kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan, don haka ruwa mai 4 ya fi mai 7 tsami sau dubu. Ruwan lemon tsami yana wajen 2. Yawancin kifaye ba sa iya hayayyafa idan aka sauka ƙasa da 5. Ruwan da ke fitowa daga wasu ramukan gundumar Preston yana ƙasa da 3, kuma bayan fashewar T&T tafkin Cheat da kansa, duk da girmansa, ya sauka zuwa 4.5.

Sai dai asid ba shi ne ƙarshen ɓarnar ba. A hanyarsa ta fita yana narkar da alminiyom da manganis daga yumɓu da duwatsu. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne, ruwan kan fito daga bakin rami garau, har mutum ya yi sha'awar sha. Sai ya haɗu da ruwa mai kyau tsaminsa ya ragu, sannan ƙarafan su fara fita. Baƙin ƙarfe ya zama wani taɓo mai launin tsatsa da mutanen yankin ke kira yellow boy, ya kwanta a kan kowane dutse da kowace tsakuwa. Alminiyom kuma ya fito fari-fari, ya ba ruwa wani shuɗi mai ɗaukar ido da masu hoto ke so, alhali shi ne ke liƙe wa kifi a wurin da yake numfashi har ya shaƙe shi. Taɓon yana toshe ramukan da ke tsakanin tsakuwoyi, inda ƙananan ƙwarin ruwa ke zama, inda kifi ke zuba ƙwai. Babu ƙwari babu kifi, babu kifi babu tsuntsun da ke cinsa. Rafi ya koma kwata mai gudu tsakanin itatuwa.

Ba kowane kwal ne ke yin haka ba, kuma a nan gundumar Preston ta yi rashin sa'a. Shimfiɗar kwal da aka fi haƙa a wannan yanki, wadda ake kira Upper Freeport, tana da farar wuta da yawa, duwatsun da ke kewaye da ita kuma ba su da farar ƙasar da za ta kashe tsamin. Ga kuma yadda mutanen baya suke haƙa. Don su huta da kuɗin famfo, sukan shiga tsauni daga ƙasa su haƙa suna hawa, yadda duk ruwan da ya shiga ramin zai gangaro ya fita da kansa ta ƙofa. Dabara ce mai kyau ga mai rami. Amma irin wannan rami ba ya cika da ruwa ko bayan an bar shi, kullum akwai iska a ciki, kullum fairait na samun abin da yake so. Ramukan da ke can ƙasa da matakin kogi sukan cika maƙil idan aka kashe famfo, iska ta rasa hanya, kuma a cikin shekaru ruwansu yakan yi sauƙi. Na kan tsauni kuwa sai dai a jira fairait ya ƙare, abin da kan ɗauki shekaru da dama, wani wurin ƙarnuka. A kudancin Sifen akwai kogin Tinto, inda ake haƙar ma'adinai tun kafin zuwan Rumawa. Har yau ja yake.

Wanda ya ce a toshe ramin kawai a huta, an riga shi tunani. Tun shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta ɗauki marasa aiki suka toshe bakunan dubban ramuka a yankin kogin Ohayo don hana iska shiga. Amma tsaunin da aka rarake cikinsa cike yake da tsagogi, iska ba ta rasa hanya. Idan kuma toshiyar ta hana ruwa fita, sai ya taru a baya, nauyinsa ya ƙaru, ya nemi wuri mafi rauni. Abin da ya faru a T&T ke nan.

Mutanen da suka fara motsi bayan fashewar ba jami'an gwamnati ba ne. Masu kwale-kwale ne da masunta da mazauna bakin kogin, waɗanda suka taru a 1994 suka kafa ƙungiyar Friends of the Cheat, mai ofis a Kingwood, hedkwatar gundumar. A 1995 ƙungiyar American Rivers ta sa Cheat cikin koguna goma da suka fi shiga haɗari a Amurka. A shekarar kuma aka fara bikin kogin a Albright, wanda har yanzu ake yi duk farkon watan Mayu don tara kuɗi.

Abin da ya kamata a yaba wa waɗannan mutane shi ne yadda suka riƙe fushinsu. A gundumar da kusan kowane gida yana da wanda ya taɓa shiga rami, ƙungiyar da ta fito da zagin kwal da masu kwal ba za ta kai ko'ina ba. Sai suka kira kowa teburi guda: hukumomin jiha da na tarayya, malaman jami'a, 'yan kare muhalli, har da kamfanin kwal. Suka sa hannu kan wata yarjejeniya mai suna River of Promise a 1995. Daga nan aikin ya zama na ɗaukar kwalba a bi ƙorama da ƙafa, a auna kowace ɓuɓɓuga, a gano wace ce ta fi zuba guba, a nemo mai filin, a roƙe shi ya bari a shigo da katafila.

Maganin asid sananne ne, kuma mai araha: dutsen farar ƙasa, wanda ake siminti da shi. Wahalar ita ce yadda za a haɗa shi da ruwan. Idan aka zuba dutsen a rafi kawai, cikin ɗan lokaci jan taɓo zai lulluɓe shi, ruwa ya riƙa wucewa ta kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Don haka aka fito da dabaru iri-iri. Akwai magudana mai gangara sosai, yadda gudun ruwa zai riƙa wanke dutsen. Akwai binne dutsen a rami a rufe da yumɓu don kada iska ta kai. Akwai tafki mai takin gargajiya a sama dutse a ƙasa, takin ya zuƙe iskar da ke cikin ruwa kafin ya isa dutsen. Akwai fadamar da aka gina da hannu, mai ciyayi, inda ruwa zai tsaya ƙarfe ya kwanta. A can saman kwarin, a kogin Blackwater kusa da garin Davis, tun 1994 aka kafa wasu ganguna da ruwa ke juyawa suna niƙa dutsen su zuba garin a kogi, kuma kifi ya dawo.

Waɗannan dabaru sun yi aiki a ƙoramu masu ƙaramin ciwo. Sovern Run da Big Sandy Creek sun farfaɗo, kuma a hankali babban kogin ya fara ɗaukar rai. Muddy Creek kuwa ya gagara. Samansa lafiya lau yake, har da kifin tirawut mai son ruwa mai tsabta. Amma daga inda Martin Creek ya shigo, ɗauke da dattin Fickey Run da Glade Run, zuwa mahaɗarsa da Cheat, tafiyar kilomita biyar da ɗoriya, babu abin da ke motsi a ciki. Shi ne rafin da ya fi kowane zuba asid a kogin.

Abin da ya tsare aikin a nan doka ce, ba ilimi ba.

A ranar 3 ga Agustan 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta raba tarihin kwal na Amurka gida biyu. Duk ramin da aka yi watsi da shi kafin wannan rana ya zama maraya: babu wanda za a kama, sai dai a gyara shi daga wani asusu da ake tarawa ta hanyar haraji kan kowane tan na kwal, a lokacin santi 35 ga wanda aka haƙo daga sama, santi 15 ga na ƙarƙashin ƙasa. Wanda zai buɗe rami bayan wannan rana kuwa dole ya ajiye kuɗin jingina, idan ya gudu bai gyara ba jiha ta riƙe kuɗin ta yi gyaran. T&T yana cikin kashi na biyu. Kamfanin ya bar jinginarsa ya tafi, kuɗin kuma bai kama ƙafar abin da ake bukata ba, nauyin ya faɗo kan hukumar kare muhalli ta jihar.

Sai wasu ƙungiyoyi biyu, West Virginia Highlands Conservancy da West Virginia Rivers Coalition, suka kai jihar kotu. Hujjarsu ita ce, tunda jiha ta gaji waɗannan ramuka, dole ta nemi lasisi a ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, ta kuma tace ruwan kowane bututu ya kai mizanin da ake ɗora wa kamfani. Kotu ta ba su gaskiya a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Hukunci ne mai kyau, domin ya hana gwamnati ɓuya a bayan rigarta. Amma a kwarin Muddy Creek ya haifar da wani abu mai ban takaici. Ramukan da jiha ta gada da marayun kafin 1977 a cakuɗe suke a tsauni ɗaya, kuma kaso mai yawa na asid ɗin daga marayun yake fitowa. Jiha na kashe kuɗi tana tace ruwan nata bututun har ya yi garau, ta sake shi, ya yi 'yan taku ya faɗa cikin ƙoramar da maraya ya riga ya kashe. A takarda an cika doka. A rafi ko kifi ɗaya babu. Aikin baban giwa.

Masana irin su Paul Ziemkiewicz, na cibiyar binciken ruwa ta Jami'ar Virginia ta Yamma, sun daɗe suna cewa a daina kallon bututu ɗaya-ɗaya, a kalli kwarin gaba ɗayansa, a tambayi inda kuɗi zai fi sayen kilomitocin ruwa mai rai. Wannan shawara ce ta yi nasara a ƙarshe. A 2017 hukumar kare muhalli ta tarayya ta amince a sassauta mizani a yankin Martin Creek, don a samu damar zuba magani a cikin ƙoramar kanta, a kuma tattaro mafi munin ruwan, na gado da na marayu, a kai shi wuri ɗaya.

Wurin nan shi ne matatar da jihar ta gina a bakin Muddy Creek kan kuɗi sama da dala miliyan 8, wadda ta kama aiki sosai a 2018. Bututu na kawo mata ruwan T&T da na wasu ramukan, har da na Fickey Run, wanda kamfanin iskar gas na Southwestern Energy ya taimaka da kuɗin jawo shi. A ciki ana dama ƙonanniyar farar ƙasa a zuba, tsami ya mutu, ƙarafan su fito. Ana ƙara wani sinadari mai sa ƙananan ɓurɓushi su dunƙule su yi nauyi. Ruwan ya shiga manyan tankuna biyu masu zagaye ya huta, taɓo ya kwanta a ƙasa, tsabtataccen ya malalo ta sama ya koma rafi. Taɓon kuma a tura shi da famfo cikin tsofaffin ramuka, inda ya fito.

Canjin bai ɗauki lokaci ba. Ruwan da ke shiga Cheat daga Muddy Creek ya daina zama asid. Masu ƙidayar kifi, waɗanda a da sukan dawo hannu rabbana daga ƙasan rafin, suka fara samun kifaye iri-iri, har da tirawut ɗin da ya gangaro daga sama. A babban kogin kuma kifin walleye, wanda ba ya jure tsami, yana hayayyafa. Kwazazzabon da kansa ya samu kariya a 2014, lokacin da ƙungiyoyin kare muhalli suka sayi fili mai faɗi a cikinsa, wurin da wani ɗan dodon koɗi ke zaune wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan.

Amma akwai farashin da ya kamata a faɗa a fili. Sassauta mizani a Martin Creek yana nufin an yarda wasu ƙoramu su zama hanyar magani don rafin da ke ƙasa ya rayu. Mai gida a bakin Fickey Run ko Glade Run ba lallai ya ga kifi a bayan gidansa ba. Zaɓi ne da za a iya karewa, domin ɗaya hanyar ba ta ba kowa komai ba, sai dai mutanen da aka zaɓa su haƙura sun cancanci a ambace su duk lokacin da ake ba da labarin nasarar.

Sannan rafin bai warke ba. Halinsa ɗaya da mai wankin ƙoda: yana tafiya, yana cin abinci, wanda bai sani ba zai ce lafiyarsa ƙalau, amma ranar da injin ya tsaya jikinsa zai faɗa. An ga haka a farkon Maris na 2021. Ruwan sama mai yawa ya haɗu da narkewar ƙanƙara, ramin T&T ya tunkuɗo ruwan da ya fi ƙarfin bututu, wani sashe ya ɓalle ya shiga rafin ba tacewa. Muddy Creek ya sake yin ja, jan ya sake bayyana a Cheat. An shawo kan abin cikin kwanaki, ɓarnar ba ta kusanci ta 1994 ba. Amma shekara 27 bayan fashewar farko, tsaunin na nan da ƙarfinsa.

Wasu na neman hanyar da taɓon zai biya kuɗin kansa. Ziemkiewicz da abokan aikinsa sun gano cewa asid ɗin, yayin da yake cin duwatsu, yana kwaso ma'adinan nan masu wuyar samu da ake maganaɗisun injin mota mai lantarki da su, kuma an kafa matatar gwaji kusa da Mount Storm don ware su. A maƙwabciyar jihar Ohayo, wani injiniya mai suna Guy Riefler da wani mai zane mai suna John Sabraw sun mayar da jan taɓon Sunday Creek fenti, har ana sayarwa. Dabaru ne masu daɗin ji kuma suna iya rage nauyi. Har yanzu dai kuɗin farar ƙasa da wutar famfo da albashin masu gadin matata daga aljihun hukuma suke fitowa.

Wannan ciwo ba na Amurka kaɗai ba ne. A Janairun 2012, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, dam ɗin da garin Carolina na Afirka ta Kudu ke sha ya koma asid saboda ramukan kwal da ke kewaye da shi, mutanen garin suka yi watanni famfonsu ba ya shayuwa. A Najeriya, an gano kwal a yankin Udi a 1909, a kansa aka kafa birnin Inugu, kuma masu bincike sun daɗe suna auna ruwa mai tsami da ƙarfe da ke fita daga tsohon ramin Onyeama zuwa kogin Ekulu, shekaru bayan an daina haƙa. Yanzu ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe, da Okaba ta jihar Kogi, da Anu Araren a arewacin Nijar. Ko kowannensu zai zubar da asid, wannan ya danganta da yawan farar wutar da ke cikin dutsensa, da farar ƙasar da ke kusa, da ruwan saman da yake samu. Abu ne da ake iya aunawa a ɗakin gwaji tun kafin a sa diga, kuma tun a lokacin ake iya lissafa jinginar da za ta isa.

A Virginia ta Yamma wannan lissafi ne ba a yi daidai ba. Asusun da ke ɗaukar nauyin ramukan da aka gudu aka bari, irin su T&T, yana samun kuɗinsa daga harajin jiha na santi 27.9 kan kowane tan na kwal. A 2008 jihar ta haƙo tan miliyan 158. A 2020 ba ta kai miliyan 70 ba. Kwal na raguwa, haraji na raguwa, kamfanoni na karyewa suna barin sababbin ramuka a hannun jiha. A 2021 mai binciken kuɗi na majalisar jihar ya ba da rahoto cewa jinginar da kamfanoni suka ajiye ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin gyara ba.

Marayun kafin 1977 sun ɗan fi samun sa'a. Dokar gine-ginen da aka sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta ware musu dala biliyan 11.3 da za a raba wa jihohi cikin shekara 15, wata doka ta ƙarshen 2022 kuma ta ba jihohin damar ajiye har kashi 30 cikin 100 na rabonsu don kula da ruwan ramuka na dogon lokaci. A rafin Deckers Creek da ke maƙwabtaka, wanda ke ratsa birnin Morgantown, an buɗe matata a bakin tsohon ramin Richard a 2024. Dokar ta 2021 ɗin kuma ta rage harajin tarayya zuwa santi 22.4 kan kwal ɗin sama da 9.6 kan na ƙasa, izinin karɓarsa zai ƙare a watan Satumban 2034.